Ranar da Na Sa wa Faifan Birki Mai

Keken farko da aka bar ni na kwance ni kaɗai na wani mai tallar kananzir ne daga Dukawuya, baƙin keken Ingila mai birkin sanda, irin wanda in ka ɗaga shi sai ƙugunka ya gaya maka. Ana tsakiyar yaƙin basasa, ni kuwa ina koyon aiki a hannun kawuna Malam Modu, a bakin Ƙofar Na'isa, nan inda rumfata take har yau. Haƙoran firiwil, wato ɗan farantin baya da sarƙa ke ja, sun cinye ƙarƙaf, kuma babu sabo ko na magani a Kano, don masu shagunan kayan keke na Sabon Gari sun rufe sun tafi. Kawu ya miƙo mini magagari ya ce in fito da haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Sha takwas ne. Kwana biyu ina guga, yatsuna suka yi bororo suka fashe. Da na gama ya ɗora sarƙa, ya juya feda da hannu, ya kasa kunne, sannan ya faɗi wata kalma da Barbarci wadda ma'anarta ita ce ba laifi. A bakin Kawu Modu wannan babban yabo ne.

Ina ba ku labarin nan ne, ku samarin da kuke tsayawa a rumfata kuna jiran faci kuna latsa waya, don ina jin abin da kuke faɗa in kun ɗauka kunnena ya tsufa. Wai gyaran keke ai faci ne da famfo. Wani ma cewa ya yi in ya kalli bidiyo sau biyu ya gama da sana'ar. To, madalla. Ni sai da na yi shekara arba'in da ɗoriya a cikinta sannan ta nuna mini ban gama da ita ba, kuma saura ƙiris ta nuna mini da ran mutum.

A zamanin Kawu keke abu guda ne. Giya ɗaya, sarƙa mai faɗi, komai ƙarfe. Sifana uku, filaya, guduma da magagari sun ishe ka ka kwance shi tun daga kai har kariyar ɗora kaya. Abin da ya lanƙwashe a miƙe shi, abin da ya ƙi fita a sa masa wuta, abin da ya karye a kai wa maƙeri. Sarƙa in ta saki sai ka cire mata gaɓa ɗaya ka ja taya baya, shi ke nan. Sannan akwai ƙa'idar da Kawu bai taɓa sassauta wa kowa ba: keke ba ya barin rumfa sai an zagaye shi da gwangwanin mai, kyauta, ko da iska kawai mai shi ya zo a sa masa. Sarƙa, feda, gindin birki, ƙarƙashin sirdi, duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Yakan ce in keke ya bar hannunka yana kuka, ka ɗauki mai shela ne ya zagaya gari yana faɗa wa mutane ba ka iya aiki ba. Na taɓa shan mari a kan sirdin da ya yi ƙara sau ɗaya a gaban mai shi. Da haka hannuna ya saba, har ya zama ba na ma sanin lokacin da na ɗauki gwangwanin.

Canjin kuwa da idona na gan shi, sannu a hankali. Keken Sin ya shigo ya kori na Ingila da arha. Daga baya 'yan gwanjo suka fara kawo wasu daga Kwatano masu ƙatuwar taya mai kaushi, waɗanda aka ce a can ƙasashensu hawan dutse ake yi da su. Na farko da na gani faranti biyar ne a bayansa, babba bayan ƙarami, da wani ɗan hannu a rataye yana ɗaukar sarƙa daga wannan ya kai ta wancan. Ba a jima ba sai ga mai shida, sai mai bakwai, sai ga faranti uku a gaba. Duk farantin da aka ƙara sai sarƙa ta ƙara sirancewa, don wurin bai ƙaru ba. A farko da hannu kake lalubar giya har ka ji ta zauna. Sai aka kawo mai ƙas-ƙas, kowace dannawa faranti ɗaya, wadda in wayarta ta saki ko da kaurin zare ne sai ta rikice. Jikin keken ya tashi daga ƙarfe ya koma alminiyam, wanda in ka nuna masa guduma sai ya tsage. Sifanuna suka zama 'yan kallo, komai sai alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake cusawa a kan sukuru.

Yawancin abokan sana'ata sun samo wa kansu hanya mai sauƙi. In aka kawo musu mai giya sai su cire hannun giyar su jefa a kwali, su datse sarƙa su ɗora ta a faranti guda, su ce wa mai keke an raba shi da wahala. Ni ban taɓa yi ba, kuma ina alfahari da haka. Wanda ya zauna ya ƙera abin nan ba mahaukaci ba ne. Sai na sayi matattun kekuna biyu a wurin Alhaji Sani, dillalin gwanjo da ke zuwa Kwatano, na yi ta kwancewa ina ɗaurewa har na gane abin da kowane ɗan sukuru yake so. Sannu a hankali aka san ni. In ka ji an ce kai wa Baba Bukar na Ƙofar Na'isa, to giya ce ta gagari kowa.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na ba ku labarin bama-bamai ba, wasunku sun ji ƙararsu daga cikin aji. Aka hana acaɓa, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na yamma, aka girke sojoji da buhunan yashi da duro-duro a kowace babbar mahaɗa. Mutanen da suka manta yadda ake hawan keke suka dawo suna nemansa ido rufe, malaman makaranta, ma'aikatan ofis, 'yan kasuwa. Aiki bai taɓa yi mini yawa irin na lokacin ba, kuma ban taɓa jin kunyar samu irin ta lokacin ba, don na san abin da ya kawo shi. Ƙa'idar shinge kuwa kowa ya san ta. Tun daga nesa za ka sauka ka turo kekenka, in kana da kaya ka kwance ka buɗe. Wanda ya nufo shinge a guje da ƙunshi a bayansa ba a tsayawa tambayar sunansa.

A cikin wannan hali Malam Buba ya turo mini jan kekensa. Dogon Bafillace ne, ma'aikaci a ofishin kula da dabbobi, gidansa yana bayan Ƙofar Ruwa, mutum mai magana a hankali kamar akwai mai barci kusa. Faranti tara ne a bayan keken, uku a gaba, kuma mai tara bai taɓa shiga hannuna ba. Birkinsa ma ba robar nan ce mai kama gefen taya ba. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, gaba da baya, da ɗan baki mai cije shi in ka matsa. Na sha hango irinsa a titi, amma ban taɓa taɓawa ba.

"Baba Bukar," ya ce, "an ce in ba kai ba sai dai a yanke giyar. Ni kuwa da ita nake isa gida kafin shida. Jiya saura kaɗan a rufe hanya da ni."

Na ce, "Bafillace da giya ashirin da bakwai? Shanunku sun sani?"

Ya ce in kama aikina, ai bawansa ne ni tun kaka da kakanni. Kun san mu Barebari da Fulani, haka muke gaisawa.

Da na ɗaga keken na juya feda sai na gane ciwon. Wani gwani ya sa masa sarƙar mai faranti bakwai, ta yi masa faɗi, tana kan faranti ɗaya tana taɓa na kusa da shi, sai ka ji tana tsalle. Ƙarfen da hannun giya ke rataye a jikinsa kuma ya ɗan karkace, abin da ido ba zai gani ba sai ka tsuguna ta baya ka rufe ido ɗaya. Na samo sarƙar da ta dace a wurin Alhaji Sani. Ƙarfen nan na naɗe sifana da tsumma na riƙa miƙe shi kaɗan-kaɗan, ba wuta, ba guduma, in na matsa sai in tsuguna in duba. Akwai ƙananan sukurori biyu masu hana sarƙa faɗawa cikin taya ko zubowa waje, na daidaita su. Sannan wayar giya, rubu'in juyi kowane karo, in danna, in saurara. Kwana uku na yi a kan keken nan. Ranar ta uku bayan la'asar na bi giya ashirin da bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗa wurinta kamar ana jan carbi. A raina na ce ina ma Kawu yana raye ya kasa kunne.

Malam Buba ya zo ya hau, ya kai bakin ƙofa ya juyo yana murmushi. Da ya iso gabana ya matsa birki sai faifan ya saki wata siririyar ƙara mai shiga haƙori. A gaban mai shi, a gaban mutanen da ke zaune a benci. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Hannuna ne ya tafi ga gwangwani. Na ɗiga mai a faifan gaba, na ɗiga a na baya, na shafe da yatsa ko'ina ya samu. Na ɗaga taya na wulwula ta na matsa birki, ta tsaya cak, shiru.

Na ce, "Ka ji? Sauro ma ya fi shi ƙara."

Ya yi godiya, ya ce zai biya ta Dukawuya ya ɗauki rabin buhun dusa saboda ragunansa, daga nan sai gida. Na bi shi da kallo yana canja giya har ya sha kwana.

Bai fi minti goma da tafiya ba Alhaji Sani ya sauke mini wani keken da yake so in haɗa masa, shi ma mai faifai. Muna hira na matsa birkinsa, ya yi irin ƙarar nan, na miƙa hannu ga gwangwani. Sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu.

"Baba, me za ka yi?"

Na ce kuka yake.

Ya ce, "Bar shi ya yi ta kuka. Masu sayar mana a Kwatano ko hannu mai maiƙo ba sa bari ya taɓa faifan nan. In mai ya shiga bakin birkin, a tsaye zai kama maka taya lafiya lau. Amma in keke ya ɗau gudu da nauyi a kansa, kamar ka matse jiƙaƙƙen sabulu ne." Ya dubi fuskata. Sannan ya ce, "Ba dai ka riga ka sa wa wani ba?"

Na janye hannuna daga gwangwanin. Abin da na gani a idona shi ne gangaren da ke kafin Ƙofar Ruwa. Ba wani babban gangare ba ne, mai mota ba ya ma lura da shi, amma dogo ne, kuma a ƙarshensa shingen sojoji yake. Dogon mutum a guje, buhu a baya, ba ya tsayawa. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

Na kira wayar Malam Buba, a kashe. A lokacin duk mai hankali kashe waya yake in zai bi ta shingaye. Alhaji ya ce mu shiga motarsa, amma shinge uku ne a kan titi kafin can, kowanne da layinsa. Dukawuya kuwa ban san wurin wane mai dusa zai tsaya ba. Sai na jawo tsohon baƙin kekena mai giya ɗaya, na bar rumfa a buɗe, na faɗa lungu.

Shi Malam Buba titi zai bi ya zagaya, ni kuwa na ratsa ta tsakiyar gari, ta lungunan da na yi shekara sittin ina bi. Na tsallake kwata, na watsa awaki, mata suna rakuɓewa jikin garu suna salati. Wani dattijo da na kusa kwashewa ya bi ni da magana, har yau ban san ko wane ne ba balle in ba shi haƙuri. Ƙirjina kamar an hura wuta. Abin da ya fi damuna shi ne na san yadda na gyara giyar nan. Keken bai taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ni na sa shi. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi fatan a ce aikina bai yi kyau ba.

Lungun ƙarshe ya fito da ni kusa da shingen, ta gefe. Na sauka na kwantar da keke a ƙasa, na ɗaga hannu biyu na tako a hankali. Wani soja ya daka mini tsawa ya juyo da bindiga. Na tsaya, na ce babbansu nake nema. Wani saje mai furfura a gefen kai ya matso, yana jin Hausa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunana Bukar, gyaran keke nake yi a Ƙofar Na'isa. Yanzu wani dogon mutum zai gangaro a jan keke da buhu a baya. Ba zai iya tsayawa ba. Dusa ce a buhun. Birkinsa ne ba ya ci, kuma ni na lalata shi da hannuna."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Baba, ka san abin da kake faɗa? In ba dusa ba ce fa?"

"In ba dusa ba ce, ga ni. Ku tsayar da ni inda zai faɗo."

Haka kuwa ya yi. Ya sa aka laluba ni, ya kai ni tsakiyar titi, can gaban buhunan yashi, ya ce kada in motsa. Su suka koma baya suka kwanta da bindigoginsu. Masu turo kekuna da masu tafiya a ƙasa suka ga abin da ake ciki, kafin ka ce me titin ya zama ni kaɗai. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko.

Sai ga jan keke a saman gangare. Na ga lokacin da ya kai inda ake sauka, ya miƙe zaune ya matsa birki. Keken bai ko rage ba. Ya sake matsawa. Ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, takalminsa ɗaya ya fice ya yi gefe. A bayana na ji ƙarar ɗana bindiga, na ji muryar sajen yana cewa kada wanda ya taɓa kunama. Na buɗe hannuwa na ƙwalla masa kira da duk ƙarfina.

"Buba, nan! Yi kaina!"

Ya gan ni, kuma Allah ya sa ya gane. Ya saito ni. Na cafke kan keken da hannu biyu, ya kwashe ni muka zube a jikin buhunan yashi, ni a ƙasa, keke a kaina, shi a kan keke. Buhun ya fashe, dusa ta rufe mu har cikin baki. Wani soja ya zo ya tona ta da bakin bindiga, ya duba, ya koma. Ba wanda ya harba. Sajen ya tsaya a kanmu ya ce mu tashi mu bar masa wurin kafin shida. Haƙarƙarina biyu sun tsage, amma a lokacin ban ji ba.

Muna zaune a bakin hanya muna kakkaɓe dusa Malam Buba ya ce, da muryar nan tasa, "Tun a Dukawuya na ji birkin ya yi laushi. Sai na ce tunda daga hannunka ya fito, haka ake yin sa."

Wannan magana ta fi haƙarƙarin yi mini ciwo.

Yau in kun duba rumfata za ku ga gwangwanin mai yana rataye a can wata kusurwa, nesa da inda nake kwance taya. Na ga kekuna masu faranti goma, na ga waɗanda aka cire musu na gaba aka bar ɗaya tak aka jera sha biyu a baya, babban cikinsu kuma ya kusa kai faifan tuwo girma. Duk sun shigo rumfar nan sun fita da ƙafarsu. Abin da ban sani ba nakan tambaya, ko da wanda zan tambaya jikana ne, kuma ba na jin na ragu da komai.

Amma bayan abin nan ya faru ban yi niyyar komawa gyaran irinsu ba. Sati uku na yi a kwance, labari kuwa ya zagaya unguwa, har da ƙari. Na yanke a raina in na tashi faci kawai zan riƙa yi da tsofaffin kekuna, duk mai faifai ko giya ya nemi wani. Ranar da na fara fitowa, ina cikin share rumfa da sassafe, sai na hango dogon mutum yana turo jan keke. Tun daga bayan Ƙofar Ruwa ya turo shi a ƙasa. Faifan yana nan da maiƙonsa, ba wanda ya taɓa.

Na ce, "Malam Buba, sati uku ba ka kai shi an gyara ba? Kai wa wani. Ni na kusa kashe ka."

Ya jingine keken a jikin bencina ya zauna yana haki.

"Baba, na yi tunani," ya ce. "Duk masu gyaran garin nan da gwangwanin mai a hannunsu suke. Kai kaɗai ne na tabbata ba za ka ƙara sa wa faifai mai ba."

Na je na wanke hannuna da sabulu, sau biyu, na ɗauko alanki.